Yadda na shiga aikin taf a Ballycastle

Jama'a tunda na sa hoton nan ina duƙe cikin wani baƙin fili da rambut a ƙafa mutane suka dame ni da tambaya, wai ko na bar aikin kula da tsofaffi na koma buga bulo ne a Turai. To ba bulo ba ne, taf ne, bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Taf ƙasa ce da ake hura wuta da ita. Eh ƙasa. Asalinta gansakuka ce da ciyayi da suka mutu cikin ruwa ba su ruɓe ba saboda ruwan ya hana iska shiga, suka yi ta taruwa wani kan wani, kuma a hankali ƙwarai take taruwa, wajen milimita 1 a shekara. Wurin da take shi suke cewa bog. In ka tsaya gaban inda aka yanka ka ga bangon ya fi ka tsawo, to lissafa da kanka shekara nawa kake kallo. A nan arewacin gundumar Mayo ta ƙasar Ayalan bog ɗin ba a kwari kaɗai yake ba, ya lulluɓe tuddai ne gaba ɗaya har bakin teku, saboda ruwan saman da ake yi a yammacin Ayalan ba na wasa ba ne.

Ina zaune a Ballycastle ne, ta Mayo fa ba ta Antrim ba don akwai wata can arewa. Ƙauye ne mai titi guda ɗaya mai faɗi da ya gangaro, coci, 'yan shaguna, filin ƙwallon gargajiyarsu da ƙungiyar GAA ke kula da ita, mutanen cikin garin ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, sauran suna warwatse a gonaki. Aikina a Ballina yake, kusan rabin awa a mota. Maƙwabcina wani dattijo ne ya haura saba'in da biyar, ni dai Baba nake ce masa har ya saba, matarsa kuma Mama. Yaransu duk sun watse, wannan a Ingila wancan a Ostareliya, autar tana Dublin, wanda dama shi ne labarin kusan kowane gida a nan. Mayo a 1841 mutum sama da 388,000 ne a cikinta, yunwar dankali ta shekarun 1840 ta zo ta kashe na kashewa ta kori na kora, har yau ba su farfaɗo ba, ƙidayar 2022 ba su kai 140,000 ba. In rana ta yi ƙasa-ƙasa da yamma za ka ga shatin kunyoyin dankali a jikin tuddan da yanzu tumaki kawai ke kiwo.

Mutanen nan ba sa roƙon abu kai tsaye, ko da mutum zai mutu. Baba bai taɓa ce mini zo ka taya ni ba. Abin da ya yi shi ne ya tsaya jikin katanga wata rana a watan Afrilu yana kallon sama, ya ce bana dai bai san ko zai yanka taf ba, gwiwa ta ƙi. Ya yi shiru. Ya ce koda yake injin zai shigo ɓangarensu sati mai zuwa. Ya sake yin shiru. Matata ce da na shiga gida ta ce maigida kai ma dai, ai taimako yake nema, je ka ce masa kana nan ranar Asabar.

Abu na farko da na koya, ba kowa ke zuwa ya yanka ba. Akwai haƙƙin yankan taf da yake manne da gida, yana cikin takardun gidan, kowane gida da yankinsa a bog, kuma duk da ba shinge ba alama da ni zan iya gani, kowa ya san iyakarsa tun daga kakanni. Baba ya nuna mini wani ɗan rami da wani kututture ya ce daga nan zuwa nan namu ne. Ni duk wurin iri ɗaya na gani wallahi.

Yankan kansa yanzu ba da hannu ba ne. Da can wata irin shebur ce siririya mai fiffike a gefe, suna ce mata slen, mutum ɗaya yana yanka yana wurgo wa na sama, wani yana turawa a baro ya baza, jaki kuma ya kwaso da kwanduna biyu. Ta Baba tana nan rataye a sito ta yi tsatsa, ya sauko da ita ya yanka mini guda biyar-shida don in gani, kuma duk da gwiwar da yake kuka da ita hannunsa bai manta ba, kowane yanka daidai da ɗan uwansa. Yanzu kuwa katafila ce take ɗebo danyen taf ta zuba cikin wani babban akwati da suke cewa hofa, shi kuma ya markaɗa ya dinga fitar da shi layi-layi a kan fili kamar ana matse man goge baki, kuma da hofa ake lissafin kuɗin. Mai injin ya zo ya gama namu kafin azahar ya wuce na gaba. Na ce a raina ashe ma abin ba wuya. Baba ya ce yanzu sai mu bar shi ya yi fata.

Yin fata shi ne saman ya bushe ya yi tauri yadda za ka iya ɗagawa bai narke a hannunka ba, yana ɗaukar 'yan makonni, ya danganta da iska, don a nan iska ce ke busar da taf ba rana ba, rana in ta fito ma baƙuwa ce. Daga nan ne aikin mutum ke farawa, kuma babu injin da zai yi maka shi yadda Baba ke so.

Na farko juyi. Kana duƙe kana bin layi kana ɓanɓaro kowane guntu kana kifa shi jiƙaƙƙen ɓangaren ya kalli sama. Shi ke nan aikin, babu wata dabara, amma layin in ka ɗaga kai ka hango ƙarshensa sai gabanka ya faɗi. Ƙasan kowane guntu sanyi ƙalau, santsi, wani da tana a jiki, wani ka ɗaga kwaɗo ya yi tsalle. Safar hannu ta roba na sa amma kafin la'asar yatsun sun huje, farcena kuwa sai da na yi kwanaki ina kankara kafin in koma shifti don ba za ka je ka taɓa tsofaffin mutane da wannan hannun ba.

Na biyu shi ne wanda kowa ke tsoro, futin, wato tsayar da taf. Za ka ɗauki guda biyar ko shida ka tsayar da su a tsaye kawunansu na jingine da juna, ka ɗora ɗaya ko biyu a sama, yadda iska za ta ratsa ta tsakiya ruwa kuma ya zame. Wasu gidajen gicciye suke jerawa, biyu nan biyu a kansu, har ya yi hawa huɗu ko biyar, kuma akwai musu sosai kan wanne ya fi, Baba yana ganin masu gicciyen malalata ne. Wanda ya taɓa shanya tubali a gida yana kallon gabas ko hadari ya taso zai gane halin da ake ciki, bambancin kawai a nan hadarin kullum a tashe yake. Nawa na farko-farko ina juya baya suke zubewa. Baba bai ce komai ba, sai dai in waiga in ga ya bi bayana yana gyarawa da ƙafa da hannu ɗaya, can ya ce ɗana ka dinga buɗe musu ƙafa, kuma jiƙaƙƙen gefen waje zai kalla. Daga nan suka fara tsayuwa.

Bayana kuwa kar ku tambaya. Ni da nake ɗaga mutane daga gado a wurin aiki ina ganin ina da ƙarfi, washegari sallar asuba a zaune na yi ta.

Sai ƙwarin nan, mijis. Ƙanana ne ƙwarai da kyar kake ganinsu, ba sa kuka ba sa gargaɗi, da iska ta kwanta da yamma sai su taso dubbai su shiga gashi, kunne, gefen ido, cikin wuyan riga. Sauro mutumin kirki ne a kansu. Duk wanda ka gani a bog yana marin kansa yana gudu zuwa mota ba aljanu ba ne. Shi ya sa in ana iska mai ƙarfi mutane murna suke, ga bushewa ga babu mijis.

Amma fa akwai daɗi, kar in yi ƙarya. Lokacin bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, filin ya cika da wata farar ciyawa mai kama da auduga, ga teku can ƙasa, ba ƙarar komai sai tsuntsaye da tarakta daga nesa. Ƙarfe ɗaya Mama za ta aiko da filas na shayi da burodin da ta gasa da man shanu da dafaffen ƙwai da cuku, tun ranar farko da ta gane ba na cin naman alade ta daina sa shi ko a na Baba, na ce Mama ai ba sai kin hana shi ba, ta ce likita ma dama ya hana shi. Nakan shimfiɗa buhun taki in yi azahar a wurin, shi kuma ya juya can ya zauna a bakin rami ya cire hula har in idar. Kuma lokacin shayin nan ne mutanen sauran yankunan ke tahowa, a zauna a kan buhuna, a yi maganar farashin tumaki, wa ya dawo daga Amurka, wa ke asibiti a Castlebar, sannan dole a zo kan ƙwallo. Mayo ba su ci kofin ƙasa ba tun 1951 kuma ɗan garin nan Tom Langan yana cikin waɗanda suka ci a 1950 da 1951, sunansa aka sa wa filin ƙwallon garin, don haka maganar ba ta ƙarewa. Shekara biyu ina garin ana gaisawa da ni da ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, amma sai a bog aka fara tambayata sunan garinmu da ko mahaifina na da rai.

Wata rana muna gyara magudanar ruwa a gindin ramin shebur ɗina ta daki itace. Muka tona sai ga saiwar bishiya ƙatuwa, ja-ja, da ƙarfinta, a wurin da in ka duba gabas da yamma babu bishiya ko ɗaya. Baba ya ce ai da daji ne a nan kafin bog ya cinye shi, kuma ba daji kaɗai ba, gonaki ma. Nan ya ba ni labarin malamin makarantar Belderrig, wani ƙauye da ke yamma da mu a kan hanyar bakin teku, Patrick Caulfield. Shi ma taf ɗinsa yake yanka a shekarun 1930 kamar kowa, sai ya lura duk in ya kai ƙasa yana tarar da duwatsu a jere, ba zube ba, a jere kamar hannu ne ya ɗora su. Ya ce to in dai a ƙarƙashin bog suke, wanda ya jera su ya riga bog zuwa kenan. Ya rubuta wa gidan tarihi na ƙasa a Dublin a 1934. Abin bai yi nisa ba a lokacin, sai da ɗansa Seamus ya girma ya karanci ilmin tono kayan tarihi ya dawo ya fara bin abin wajen 1970.

Ranar da ruwa ya hana mu aiki na ɗauki iyali muka je wurin, Céide Fields, kilomita 8 ne kacal daga Ballycastle, akwai ginin baƙi mai siffar dala a saman wani gaɓar dutse da ya miƙe ya faɗa teku, an buɗe shi a 1993. A tsakiyar ginin sun kafa gangar wata bishiya da aka ciro daga bog mai shekara sama da 4,000. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka gano katangun ba tare da sun tone duka ba. Dogon rodi na ƙarfe suke cusawa cikin bog, tunda laushi gare shi sai ya yi ta shiga har ya daki ƙasa, su sa alama da gora, su matsa taku ɗaya su sake, inda rodin ya tsaya da wuri to kan katanga ya hau. Haka suka bi tudu bayan tudu har suka zana taswirar gonaki masu katangar dutse, dogaye a miƙe, da wuraren gidaje da kaburbura, na mutanen da suke kiwon shanu a wurin shekara 5,000 da wani abu da suka wuce. Yarinyata ta tambayi mai yi mana bayani to ina mutanen suka tafi, ya ce ƙasar ce ta jiƙe bog ya hau kanta. Da na gaya wa Baba mun je sai ya ce shi sau ɗaya ya taɓa shiga, wai me zai je ya biya kuɗi ya gani, duwatsun da suka karya masa slen tun yana yaro.

Yuli ta zo da ruwa, sati biyu ba ƙaƙƙautawa. Taf ɗin da ya kusa bushewa ya koma ya sha ruwa daga ƙasa, hanyar shiga bog ta zama taɓo tarakta ba ta iya shiga. Da aka ɗan samu sarari sai muka koma muka rushe abin da muka tsayar muka sake haɗa su manya-manya, na ƙasa ya koma sama. Wannan shi ne wurin da na kusa cewa Baba don Allah nawa ne man hita na shekara in saya maka mu huta. Ban faɗa ba dai.

Cikin wannan ne aka yi rasuwa, wani manomi da yankinsa ke kusa da namu, kwanaki kaɗan kafin nan muna shan shayi tare. A nan sanarwar mutuwa a gidan rediyon Midwest ake karantawa kullum kuma tsofaffi ba sa wasa da lokacin, Mama in ana karantawa ko gaisuwa ba ta amsawa. Aka kawo gawar gida, mutane suka yi layi har waje ana shiga ana miƙa wa iyalan hannu ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta mata sun cika kicin da sanwic da shayi, matasan kulob ɗin ƙwallo sanye da riguna masu ƙyalli suna tsara fakin a gonar wani, maƙwabta maza kuma su suka haƙa kabarin. Ba wanda ya je bog har aka yi jana'iza. Asabar ɗin da ta biyo baya, ba wanda ya kira taro ba wanda ya aika saƙo a grup, kawai Baba ya ƙwanƙwasa mini taga ya ce yau ba namu za mu yi ba. Muka isa muka tarar da tarakta huɗu da mutum kusan ashirin har da yara a yankin mamacin, gayya sosai, kafin yamma an kwashe taf ɗin matar tas an kai mata an jera a sito. Ta fito tana ta cewa ba sai kun yi ba, aka ce mata ai hanya ce ta biyo da mu.

Namu sai cikin Agusta muka kwaso. Inda tarakta ke iya shiga da hannu ake jefawa cikin tirela, inda ba ta iya shiga a buhunan taki ake durawa a ɗauko a kafaɗa zuwa bakin hanya, kuma busasshen taf kaifi gare shi yana yankar hannu. Ya ragu ƙwarai, guntun da na sani da nauyi kamar me yanzu ya kankance ya yi tauri, in ka haɗa biyu suna ƙara kamar katako. Baba yana ware su yana jerawa, baƙin da ya fito daga can ƙasa shi ne mai zafi mai daɗewa, na dare da tsakiyar hunturu, ruwan ƙasa mara nauyi na sama kuma na kunna wuta ne. Ɗan nasa na Ingila ya zo hutu daidai ranar tirelar ƙarshe, ya jefa guda goma ya ɗauki hoto.

Yanzu maganar doka, don na san wani zai ce ai an hana. Ba a hana gaba ɗaya ba. Tun 31 ga Oktoba 2022 ba a sayar da taf a shago ko a intanet ko a yi tallarsa, amma mai haƙƙin yanka yana yanka abinsa ya ƙona a gidansa. Akwai kuma wuraren da aka keɓe don kare muhalli da ba a taɓa su. Dalilan gwamnati ba na banza ba ne, bog yana riƙe da iskar kabon mai yawa, in aka tsane masa ruwa sai ya sake ta, hayaƙin kuma yana cin ƙirji, wannan ni shaida ne don ina ganin tsofaffin da ke fama da numfashi a wurin aiki. Amma abin da ke ba mutanen nan haushi, kuma na ga gaskiyarsu, shi ne a mai da ɗan tsoho mai tirela uku shi ne mai laifi, alhali gwamnati da kanta ta kafa kamfanin Bord na Móna a 1946, aka kankare dubban eka a nan arewacin Mayo ana ciyar da tashar lantarki ta Bellacorick tun farkon shekarun 1960 har wajen 2005. Baba ma ya yi aiki a can yana saurayi, ya ce albashin wurin ne ya hana shi bin 'yan uwansa Ingila. An rushe hasumiyar tashar a 2007, yanzu fankokin lantarki ne cike da wurin, kamfanin kuma ya sanar a 2021 ya daina haƙar taf kwata-kwata. Ni a ganina ma doka ba ta buƙatar wahalar da kanta, duk wanda na gani a duƙe a bog ɗin nan in ka cire ni da wasu yara biyu-uku da aka tilasto, furfura ce a kansa.

Ladana tirela guda ce, Baba ya juye mini ita a bayan gida ina wurin aiki don ya san in ina nan zan yi gardama. Gidan da muke haya yana da murhun ƙarfe a falo, muka fara hurawa a Oktoba. Ba ya bal-bal kamar itace, a hankali yake ci, zafinsa mai laushi, ƙamshinsa kuma yana kama kaya har abokan aikina suna cewa daga shigowata sun san daga ƙauye nake. Matsalarsa toka, wata ruwan ɗorawa mara nauyi da ke tashi ta hau kan komai, kullum da safe sai an kwashe bokiti, kuma matata ta riga ta yanke hukunci tunda ni na jajibo abin ni ne mai kwasa. Man hita dai bana rabin na bara muka saya.

Mai injin a watan Maris ake kiransa a sa suna kafin layi ya yi tsawo. Baba ya riga ya fara tsayawa jikin katanga yana cewa baɗi kam da wuya ya yanka, gwiwa ta ƙi. Na ce masa ya sa hofa ɗaya a kan na bana, amma da sharaɗin zai bar ni in gwada jerin gicciye a layi biyu mu ga wanne zai riga bushewa. Ya ce in gwada a can ƙarshe inda ba a hangowa daga hanya.